Yadda Ake Tara Shuɗin Gilashi Ba Tare da An Taka Kasuwa Ba

Ke mai son ɗakinki ya cika da shuɗayen kwalabe da kofuna, matso ki ji. Hanyar nan tabbatacciya ce. An gwada ta a kan wata tsohuwa, Furera, kuma ta ci. Wadda ta gwada, Barakatu, tana nan Yako da ranta, har ƙiba take yi.

1. Nemo wadda ta riga ta tara

Tarawa da kanki wahala ce. Furera tun haƙoranta na cike take bin masu magani a Tudun Wada tana roƙon shuɗiyar kwalbar maganin ciki in ta ƙare. Ga na turare, ga tambulan da marigayi mijinta Mainasara ya naɗo a rawani tun daga Makka. Shuɗi kamar an tsamo su daga karofi. Ki bar ta ta gama gogewa tukuna.

2. Zama surukarta

Ƙawa za ta iya zaginki, maƙwabciya za ta iya tsallako danga. Suruka kuwa kunya ta ɗinke mata baki. In 'yarki Hajara da autanta Garzali suna son juna, kar ki ja magana, ki sa rana.

3. Yi kuka ana gobe jere

Kowa ya san ana aron kayan jere a cika ɗakin amarya, in biki ya watse a mayar. Amma a dangin amarya ake ara, ba a wurin uwar ango ba. To ke can za ki. Ki durƙusa, ki ce kwanukanki ba su rufe bango ba, za a yi da ke a gari.

"Yaya, rufa mini asiri, Allah ya rufa naki."

Za ta shirya miki su a kwando, ta lulluɓe da ƙaiƙayi, ta rantse ko ɗanta ba zai ji ba. Ki riƙe rantsuwar nan da kyau, ta fi kwandon daraja.

4. Kwashe aro a gaban mutane

Ranar mayar da kaya, ƙannenki na ɗaukar tasoshinsu, ke ki tattara shuɗayen. A tsakar gidan Furera, tana tsaye. In ta buɗe baki ta tona ki, ta kuma tona kanta. In kwandon ya yi nauyi ki ce ta ɗora miki. Wallahi sai da ta ɗora.

5. Jira ruwa

Da aka tare ruwa a Tiga aka tashi gari, kowa ya kama gabansa: ke Yako, ita wajen Bebeji. In ta aiko neman kayanta a asirce, ki ce motar kaya ta faɗa rami komai ya tarwatse. Ki haɗa da salati. Idan babu dam a wajenku kar ki damu, gwamnati na tafe.

6. Jera su inda rana ke bugawa

Abin da aka ɓoye bai zama ado ba. In Furera ta biyo ta gaishe ki, ki shimfiɗa mata tabarma daidai ƙarƙashin kantar da kika jera su, ki kawo mata ruwa a tambulana, wato tambulan ɗin Furera, wanda bakinsa ya ɗan ɓantare. Leɓenta zai gane shi kafin idonta. Ki ce wani ɗan koli ne ya kawo daga Kano, har ki tambaye ta ko a nemo mata irinsa.

7. Kar ki ji tsoron dagaci

In ta kai ki ƙara, zai nemi shaida. Ina shaida, bayan ita da kanta ta rufe kwandon? Zai ce surukai ba sa tsayawa gabansa, ta je ta yi haƙuri, ai kwalba ce. Shi da bai taɓa wanke ko ɗaya ba. Garzali kuma zai ce, "Inna, don Allah kar ki kashe mini aure a kan gilashi." Da haka tarin ya zama naki.

Gargaɗi

Mai wannan bayani ba ta ɗauki alhakin kowa ba. Hanyar tana aiki ne muddin tsohuwar na jin kunya, kuma kunya tana ƙarewa kamar gishiri. Furera ta yi azumin kaffarar rantsuwarta, ta sha ruwa, bakinta ya buɗe. Ta faɗa wa masu kifi a bakin dam, ta faɗa wa Fulani masu nono, su kuwa ba gidan da ba sa shiga.

Saboda haka in ranar kasuwa kika ji sallama, kika leƙo kika ga tsohuwa da kwando da mata a bayanta, kar ki nemi mai ba ta baki. Ki sauko da shuɗayen ɗaya-ɗaya, ki goge ƙurar. Wannan karon ke za ki ɗora mata.