Kwalbar da Ta Kusa Hana Ni Aure

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na goya kwalba a bayan babur daga Tsafe zuwa Bungudu don in ceci aurena ba.

Lokacin ba a fi shekara biyu da ba mu jiha ba, ina malamin gona, an tura ni Tsafe. Ɗaki ɗaya nake haya a gidan wani dattijo, Malam Garba, kuma har manyana sun kai gaisuwa gidan su Asabe a Bungudu. Komai yana tafiya daidai, in ban da wata jaraba da na kwaso daga Gusau.

A unguwarmu akwai wani tsoho, Baba Tanko, wanda ya yi wa Turawan Italiya kuku zamanin da ake aikin dam. Shi ya fara ɗanɗana mini wani abu wai shi fiza: burodi ne mai faɗin faranti, an shafe shi da tumatir an gasa. Daga gutsuren farko na haukace. Ya ce sirrin a tsami yake, don Turawansa ba sa yarda da yis ɗin kanti. Ya ɗebo mini wani kullu mai kumfa a kwalbar zuma ya ce, "Wanga abu rai garai, yaro. Kullum da sahe ka zubda rabi, ka ƙara mai hulawa da ruwa. In kab bar shi da yunwa, macewa zai yi."

To ni da ko kaza ban taɓa kiwo ba, sai ga ni ina kiwon kullu. Kullum bayan asuba in buɗe kwalba, in sansana, in rage rabi, in ciyar da sauran. Sai in ɗaure bakin da wani jan ƙyalle (shi kaɗai ne tsumma mai tsabta a ɗakin, wallahi ban zaɓi launin ba), in tura ta ƙarƙashin gado kusa da tulu don sanyi. Rabin da na rage kuwa, gudun kada a gani a kwatami, sai in zagaya bayan gida in zuba a gindin tsamiya. Duk itatuwan Tsafe, ni gindin tsamiya na zaɓa, inda ko yaron goye ya san abin da ake cewa yana zaune a can. In aiki zai kwana da ni a 'Yankuzo ko Bilbis, da kwalbata nake tafiya. Kuma tunda yau ranar tonon asiri ce, bari in faɗa: ina yi mata magana. In na tarar ta kumbura har cewa nake, "Yauwa, ka ƙoshi ke nan."

Ranar Asabar nake gashi. In kulle ƙofa, in ɗora kasko a kan risho, in rufe da faranti in zuba garwashi a sama, in barbaɗa ɗan cukun da nake samu wurin wani Buzu. Hayaƙi ya yi ta fita ta ƙasan ƙofa. Duk wannan ɓoyo na kunya ne kawai. Ƙato da ni, malamin gona guda, a ce an gan ni ina murza fulawa? Shi ya sa ranar da Malam Garba ya tare ni ya ce, "Malam, wai mi a cikin kwalbar ga da kaka goyo ko'ina?" sai bakina ya riga hankalina, na ce, "Magani ne, Baba." Ya ce, "Uhm. Allah shi ba da lahiya." Na wuce ina murna wai na yi dabara.

Abin da na manta shi ne, gidan mutunci ba sa ba da 'ya sai sun yi bincike. Kuma ba kai ake tambaya ba, maƙwabta ake tambaya. Baffa Mamman, ƙanen mahaifin Asabe kuma waliyyinta, ya zo Tsafe ina can ƙauye, ya zauna da Malam Garba suka sha fura. Malam Garba kuma, bawan Allah, bai yi mini ƙarya ko ɗaya ba, abin da ya gani ya faɗa.

Ranar Laraba wani direba ya kawo mini takarda daga Asabe. "Baffa ya je Tsafe. An ce kana da wani abu a kwalba, kana ba shi abinci, kana kai wa tsamiya sadaka, kana turare a ɗaki. Ya ce ka zo ranar Asabar da abin, in ba haka ba a mayar muku da kayanku. Don Allah mene ne?"

Kwana uku na yi ina neman mafita. Na ce in zubar, sai na ga ai cewa za a yi na ɓoye. Na ce in faɗi gaskiya, sai na gwada faɗinta a gaban madubi, "Baffa, burodin Turawa nake yi," ni kaina ban yarda da kaina ba. Tsoro nake ji ƙwarai, don ina son yarinyar nan, kuma na san in aka ce a Bungudu ɗan tsibbu ne ni, to ko a Gusau na gama samun mata.

Da safiyar Asabar na yi wautar da ta fi duka. Na ciyar da kullun ninki biyu, wai don ya je wurin surukai da kyan gani. Na cire ƙyalle, na sa leda na murɗe murfi iya ƙarfina don kada ya zube, na sa sabuwar shaddata, na ɗaure kwalba a bayan babur. Ga zafin bazara, ga gargadar hanya, daga Tsafe har Gusau, daga Gusau har Bungudu.

A zaure na tarar da su: Baffa Mamman cikin farar babbar riga, da dattawa biyu, da limamin unguwa da aka gayyato musamman. Na durƙusa na gaishe su, aka amsa mini a daƙile. Baffa ya ce, "Ina abin?" Na ajiye kwalba a tsakiyar tabarma. Kowa ya ja da baya. A cikin shirun nan sai muka ji tana wani ɗan sauti, tsss, kumfa tana hawa tana sauka.

"Kun jiya?" in ji Baffa. "Numfashi shikai!"

"Baffa, wallahi kullu ne."

"Kullu ka numfashi? Buɗe mu gani."

Liman ya matso yana addu'a yana tofawa. Ni kuma na kama murfi na murɗa. Ban gama zagaye ɗaya ba sai ji muka yi fuu! Murfi ya bugi rufin zaure, kullu ya yi tsiri. Farar rigar Baffa daga wuya har ciki, gemun Liman, hulata, bango, babu inda bai samu rabonsa ba. Dattawan nan biyu, waɗanda da sanda suka shigo, sun riga kowa kaiwa ƙofa. Liman ya fita babu takalmi. Baffa ya tsaya cak, hannuwa a sama, yana salati, yana cewa kada kowa ya taɓa shi. Ni kuwa ina durƙushe, kwalba a hannu tana ci gaba da amai, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige.

Ihun ne ya fito da Inna, kakar Asabe, tsohuwar da ta yi shekaru tana sayar da waina. Ta tsaya bakin zaure ta shaƙi iska. Sai ta dangwali rigar ɗanta da yatsa ta kai baki.

"Inna, kar ki ci!"

"Rufa min baki, Mamman. Kullu na. Ya ma yi tsami da kyau." Ta juyo gare ni. "Kai ɗan nan, mi kaka yi da shi?"

Na sunkuyar da kai na ce fiza. Ta ce mi? Na sake faɗa. Ta ce to ba ta san shi ba, amma in da gaske nike, in shigo in yi a gani.

Jama'a, mai neman aure da iyakarsa zaure, shi ne aka shigar har tsakar gida. Aka aika kanti aka sayo fulawa, na kankare abin da ya rage a gindin kwalba na kwaɓa. Kuma kullun tsami ba ya sauri, sai ya ga dama yake tashi. Tun hantsi har la'asar ina zaune a kan turmi ina gadin kwano, matan unguwa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya wai aron rariya. Surukata ta kulle kanta a ɗaki don kunya. Asabe ban ga ko inuwarta ba, amma na ji ana dariya ƙasa-ƙasa a bayan wani labule, kuma na san muryar. Addu'a kawai nake yi kullun nan ya tashi, don in bai tashi ba ban san me zan ce ba.

Allah ya rufa asiri ya tashi. Na tsuguna gaban murhu da shaddata, na faɗaɗa shi a kasko, na shafa tumatir, na yanka albasa. Babu cuku, sai Inna ta miƙo mini garin ƙuli-ƙuli da man gyada ta ce in sa, kada in ba mutane abu gaya. Ƙasan ya ɗan ƙone, don ban saba da wutar kara ba.

Aka kai zaure. Baffa ya sauya riga, Liman ya dawo ya ɗauki takalmansa ya zauna nesa. Baffa ya gutsura, ya tauna, ya daɗe yana taunawa.

"Yanzu don wanga abu kaka tashi da asuba kana ba kwalba abinci?"

"E, Baffa."

"Don gurasa?"

"Ba gurasa ba ce, Baffa, fi..."

"Gurasa ta. Ta Kanawa ma ta hi wagga laushi." Ya ƙara gutsura, ya dubi dattawan. "To kun dai gani. Yaron ga ba boka ba na. Wawa na kawai. Wauta kuwa ba ta hana aure, in ba haka ba da rabinmu ba mu nan. A ba shi."

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Har godiya na yi, sau uku.

Yau muna da 'ya'ya biyar da Asabe, kuma har gobe a Bungudu ba a san ni da malamin gona ba, sai dai mijin Asabe mai kullu. Abin da na koya kaɗan ne: in kana da wata wauta da kake so, yi ta ƙofa a buɗe, a yi maka dariya kwana biyu a gaji. In ka ɓoye ta, mutane za su cike maka gurbin da abin da ya fi ta muni, kuma a ƙarshe sai ka yi ta a tsakar gidan surukai, mata goma suna kallo.