Babban Reshen Alhaji Ilu

Wani mutum ne a Funtuwa ana ce masa Alhaji Ilu Mai Rassa. Sunan nan ba wanda ya raɗa masa, shi ya raɗa wa kansa. Dilan ashana ne, shagonsa ɗaya tal a bakin tasha, ɗan tsukut, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya bar ƙafarsa a waje. Amma bari ya buɗe baki a majalisa, ka sha labari!

"Ni fa ban san adadin rassana ba. Duk wutar da aka kunna daga nan har bakin teku, in ka bincika ashanata ce."

Mutane su ce, "Allah Ya ƙara buɗi, Alhaji." In ya juya baya su ƙyafta wa juna ido.

Ana nan sai kamfanin ashanar ya turo wata ma'aikaciya, Malama Saratu, ta tara dilolin garin. Ta ce kamfani zai naɗa babban dila guda na yankin, a ba shi sabuwar motar kai kaya da sunansa ɓaro-ɓaro a jiki. Ta sa wa kowa wata manhaja a waya. Duk inda ka sayar da katan, ka danna koren maɓalli, wayar ta yi ƙililin, ta ɗiga alamar wurin a taswirar kamfani. Bayan wata guda za a duba wanda kasuwarsa ta fi faɗi da albarka.

Alhaji Ilu ya gyara hula ya ce, "Malama, taswirar taku dai tana da girma ko? Kada ta cika."

Hajiya Tabawa, wadda ke da shago a cikin kasuwa tana kuma aika kaya ƙauyuka, ta ce, "In ta cika a ɗinka mata ƙari, Alhaji."

Ya koma shago. Motar nan yake so kamar ransa, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne a ce Tabawa ce ta shiga gaban motar. To amma waya ba ta jin cika baki. Yana zaune ya yi tagumi, sai ga tirelar shanu ta wuce, fooom! Ya yi zumbur ya miƙe.

Ya nemo direban, Mamuda, wanda ke kai shanu Legas, ya ja shi bayan shago.

"Ka ga wayar nan? Duk garin da ka shiga, danna koren nan sau biyu ko uku. Kada ka faɗa wa kowa."

Mamuda ya gwada. Ƙililin! Ya washe baki. "Kai, abin da daɗin ji! Shi ke nan aikin?"

"Shi ke nan."

Wata guda Alhaji ba waya a hannu. Wanda ya tambaya sai ya ce tana wurin manajansa na Legas. Ya ba da ɗinkin babbar riga, ya ɗauko maroƙi, ya sa a dafa shinkafar walima, ya ma sa aka share inda motar za ta riƙa kwana.

Ana gobe taron bayyana sakamako Mamuda ya dawo da waya, fuska fal fara'a.

"Alhaji, na yi maka aiki har da gyara."

Alhaji bai tambayi wace irin gyara ba. Mai zumuɗi ina ya ga lokacin tambaya?

Ranar taro ɗaki ya cika maƙil, masu jiran shinkafa sun yi cirko-cirko a tagogi. Alhaji ya shigo riga na ƙara, kwaram-kwaram, maroƙi na biye: "Mai rassa uban rassa! Ka kunna Arewa, ka kunna Kudu!"

Malama Saratu ta haska taswira a bango. Ta fara da Hajiya Tabawa. Ɗige-ɗige suka fito sun kewaye Funtuwa kamar an watsa wa kaji gero: Bakori, Ɗanja, Maska, Dandume.

Alhaji ya taɓe baki. "Kasuwar tsakar gida."

Aka zo kansa. Ɗaki ya ɗauki "Kai!" Ɗigo ne jere reras tun daga Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, Ilori, har Legas. A tsakiya kuma ga wani jibgegen ja, ya kumbura ya danne sunan garin da ke kusa da shi.

Malama Saratu ta ce, "Abu biyu suka ɗaure mana kai, Alhaji. Na farko, duk watan nan ko katan ɗaya ba ka sayar a Funtuwa ba."

Wannan bai zo wa Alhaji a rai ba. Amma ya dake. "Funtuwa ai na bar wa ƙananan 'yan kasuwa su samu na cefane."

"To madalla. Na biyu, wannan babban. Cinikin da aka yi a nan cikin 'yan kwanaki ya fi na jihar nan gaba ɗaya."

Nan fa kan Alhaji ya fasu. Ya miƙe, ya yafa hannun riga a kafaɗa, ya je ya dafa jan ɗigon da tafinsa.

"Wannan shi ne babban reshena! Bene ne. Sama sito, ƙasa kanti. Layin masu saye sai an sa masu gadi. Makon jiya ma can na kwana, ga iska, ga ruwa ba ya yankewa."

"Wane gari ne?" in ji Hajiya Tabawa.

"Ke dai ba ki taɓa zuwa ba."

Malama Saratu ta ce, "Bari mu matso mu ga benen." Ta sauya taswirar zuwa hoton da ake ɗauka daga sama, ta ja, ta ƙara ja. Gidaje suka gudu gefe. Ruwa ya bayyana, malala guda, da wani siririn titi ya ratsa shi. Jan ɗigon na zaune daram a tsakiya.

"Wannan ai gadar Jebba ce, Alhaji. Ba a gini a kan gada."

Gumi ya karyo masa. Ya fara kame-kame. "A... a ƙasanta yake."

"Ƙasanta kogin Kwara ne."

Maroƙi ya sulale ya koma bayan ƙofa. Sai ga murya daga taga, Mamuda ne da kwanon shinkafarsa a hannu, yana murna ya gane wuri:

"Lah! Alhaji, ai nan ne! Nan tankar mai ta lalace ta tare mana hanya, muka yi kwanaki a kan gada. Zaman ya ishe mu, na fito da wayarka. Duk direbobin nan ba wanda bai danna ba, har masu tallan kifi. Gyaran da na ce maka ke nan!"

Me mutane za su yi in ba dariya ba? Wani ya faɗo daga benci, tim! Wani na riƙe ciki yana salati. Alhaji ya nemi ƙofa, babbar riga ta harɗe masa ƙafa.

Mota dai Hajiya Tabawa aka ba. Ta karɓi makullin, ta kaɗa shi, kacau-kacau, ta tare Alhaji a bakin ƙofa da ladabi.

"Alhaji, ka yi haƙuri, da ma motar ba za ta yi maka ba, ba ta iya iyo. Amma in za ka koma babban reshe, don Allah ka gaishe mana da kadoji, ka ce su riƙa shanya ashanar kafin su ƙyasta."