Mai Gida a Hawa na Tara

Rabon Gwaggo da ɗan wanta su yi maganar arziki tun ranar da ya kira awarwaronta "matacciyar dukiya". A tsakar gidanta ya faɗa, yana kan kujerarta, yana shan ruwanta.

Ba a ga laifinsa ba, ai babban masani ne. Ya-Tashi ake ce masa, don ba ya buɗe baki sai da kalmar. Fili ya tashi, siminti ya tashi, hannun jari ya tashi. Idonsa garau, amma sai ya ɗora tabarau kafin ya duba layukan kore da ja da ke wayarsa, yana jinjina kai kamar likita. Ran da jarin da ya saya a wani kamfani ya faɗi warwas, cewa ya yi gyara zama yake yi kafin ya yi tsalle. Har yau yana gyarawa.

"Gwaggo, zinare ba ya haihuwa," in ji shi. "Shekara arba'in yana hannunki, ko ɗan kunne bai haifa ba. Kawo in saya miki ɗaki a bene. Ni gidana na sayar, na kama biyu a hawa na tara. Kafin baɗi sun ninka."

"Ina benen yake?"

Ya kwashe ta sai ofishin masu ginin. Ga benen nan cikin akwatin gilashi, tsawonsa kamu biyu, da 'yan motoci da bishiyoyin roba. Ya sa bakin biro ya nuna wata taga kamar farce.

"Nan ne nawa. Dubi iska!"

Gwaggo ta ce a kai ta wurin na gaske. Suka tarar da allon talla, da tsibin yashi, da akuya kwance a kai. Ta kare ido da hannu ta ɗaga kai sama.

"Saitin tsuntsun can ne ɗakin naka?"

"Illar rashin karatu ke nan! Ba don zama ake saya ba, don a sayar ne."

"Wanda za ka sayar wa, shi zai zauna?"

"Shi ma sayarwa zai yi."

"To wa zai kwana a ciki, ɗan nan?"

Ya cire tabarau, ya mayar, ya ce tattalin arziki ba hirar tsofaffi ba ce. Ta ja hannun rigarta ta rufe awarwaro, ta hau motar haya.

Baɗin ta zo. Masu sayarwa suka fito a wata guda, mai saye ko ɗaya babu. Ofishin ya koma shagon aski. Wanda ya sayi gidan Ya-Tashi, da ya bar shi yana haya a ciki, ya ce zai tare. Akuya dai ta haifi biyu.

Sai ga masani a ƙofar Gwaggo da matarsa da 'ya'ya huɗu da katifu, takardar benen a ƙarƙashin hammata cikin firam irin na hoto. Awarwaro ɗaya Gwaggo ta cire ta sayar, aka yi wa ɗakin baya rufin kwano.

"Zaman wucin gadi ne, Gwaggo," ya ce yana gyara tabarau. "Kasuwar gyara zama take yi."

Ta miƙa masa mukulli.

"Ɗakin a ƙasa yake, ka yi haƙuri, na san ba ka saba ba. Amma duk abin da ke saman kwanon nan, har hawa tara, na bar maka kyauta. In ya tashi, ka sayar."