Wata Biyar Ina Gwada Ganyen da Ba Shi Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarata ta ƙarshe a jami'a, lokacin da aka ba ni aikin gwada ganyen sabara, a ga ko da gaske yana sauke kumburi. Da wannan aikin zan fita, in ya lalace kuwa sai in maimaita shekara.

Goggo, yayar babanmu da ke Katagum, ita ke jiƙa wa mutane sabara in ƙafa ta kumbura. Ta ce in jira ta raka ni daji. Ni kuwa haifaffiyar cikin garin Azare (wadda ba ta san ganye ba sai na miya) na ce, "Haba Goggo, ki huta, ga hotonsa a wayata." Ta dube ni ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Na kutsa bayan gonaki na ciko buhu.

Ƙa'ida ita ce a kai wa masanin tsirrai ya tantance ganyen. Ban kai ba. Da malamina ya tambaya, na ce an gama (Allah ya yafe mini).

Wata biyar ina shanya, ina daka, ina jiƙawa, ina tacewa. In kumbura wa ɓeraye ƙafa da allura, in ɗura musu ruwan ganyen, in auna. Kumburi kuwa ya sauka! Kaina ya yi girma, har ranar kare aiki a gaban malamai na ɗauko Goggo takanas, na zaunar da ita a baya don ta ga ilimi.

Hoton ganyena ya fito ɓaro-ɓaro a bango. Kafin in buɗe baki na ji muryarta: "Subhanallahi! 'Yar nan, wannan ai geza ce."

Farfesan da aka gayyato don duba aikin ya gyara tabarau ya ce, "Hajiya, kin tabbata?"

"Ranka ya daɗe, ko akuya ta sani."

Dariya ta ɓarke. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, gumi har cikin takalmi. Amma zuciya ta ɗebe ni, na ce, "Ranka ya daɗe, ɓerayen ba su tambayi sunan ganye ba. Kumburin ya sauka ko bai sauka ba?"

Ya ce ya sauka. Ya kuma ce in kai ganyen a tantance, in sake rubutun tun daga bango, in dawo bayan wata uku. Abokan karatuna suka fita suka bar ni.

Har gobe ina nan a kan bakana: geza ta yi aiki, kuma ni na gano, ko da bisa kuskure ne. Abin da na koya ɗaya ne. In kin san kin yi ha'inci, kada ki ɗauko mai shaida da kanki, har ki nema mata kujera.