Ganyen Mai Jego da Sarkin Almakashi

Jama'a, ƙofa ce ta kama ni. Irin ƙofar gilashin nan mai juyawa da aka kafa a sabon ofishin Kwamitin Tafiya Ba Hayaƙi na garinmu. Ni na shige, kayan da ke kafaɗata suka ce ba da su ba, ƙofa ta tsaya cak. Ga ni a ciki, ga rabin kaya a waje, ga matata Mal-sun a bakin titi tana kurma ihu: "Baban Sol-hi, in ka karya shi kada ma ka fito, ka yi zamanka a nan!"

Kayan ba wani abu ba ne, miyok ne, busasshen ganyen tekun da ake yi wa mai jego miya da shi. 'Yarmu Sol-hi tana aure a Japan, can arewa a Morioka, cikin fari, wata kuma ya kusa. Duk ɗan ƙasar nan tamu ta Koriya ya san na mai jego daban yake. Da tsawonsa ake sayar da shi, a sanƙare, ya fi ni tsayi. Ba a neman ragi a kansa, ba a kuma lanƙwasa shi, don tsofaffi sun ce wanda ya lanƙwasa shi ya lanƙwasa wa mai ciki naƙuda.

Na gwada bakina tun farko. Na ce, "Maman Sol-hi, Japan fa teku ne ya kewaye ta, su ma suna da ganye."

"Nasu na yi wa miya kwalliya ne," in ji ta. "Ni na mai jego zan kai wa 'yata."

Na san inda zancen zai nufa. Lokacin da Mal-sun ke da cikin Sol-hi, marigayiya uwata ta naɗe nata gida biyu don ya shiga kwando a motar haya, Mal-sun kuwa da ƙyar ta sha a wannan haihuwa. Likita bai ce ganye ne ya jawo ba, ni ma ban ce ba, amma ba ni na kwanta a gadon ba. Tun da aka ce Sol-hi na da ciki, barcin matar nan ya ragu. Abu biyu take so a duniya: ganye ya isa a miƙe, ita kuma ta riƙe hannun 'yarta ranar.

Masu jirgin sama suka ce sai dai a jefa shi ƙasa cikin akwatuna, kuma in ya karye babu ruwansu. Shi ke nan aka yanke: jirgin ruwa zuwa Japan, jirgin ƙasa zuwa Morioka.

Ai kuwa sai na ji daɗi, don na tuna muna da manya masu hangen nesa. Bara aka kafa mana wannan kwamiti domin a raba talaka da jirgin sama, a ceci iskar duniya. Shugabansa, Mai Girma Sarkin Almakashi, wanda babu ƙyallen da aka taɓa ɗaurawa a garin nan ya kwana bai yanke ba, ya yi alkawarin tikiti guda da zai ɗauke ka daga ƙofar gidanka, ya tsallakar da kai teku, ya ajiye ka a kowace tasha. Kuma don kada a yi aikin da ka, shi da 'yan kwamiti suka hau jirgin sama zuwa Turai, suka je koyon yadda ake daina hawa jirgin sama. Da suka dawo aka ga akwai abin da ya shige musu duhu, suka sake komawa. Irin wannan sadaukarwa ai sai manya.

To, bayan mai gadi ya ciro ni daga ƙofa da baya da baya, sai muka raba aiki. Mal-sun ta tsaya waje rungume da ganye, ni na shiga. Ofis kam ya haɗu. Ga taswira ta cinye bango guda, an ja layuka masu walƙiya daga garinmu har ƙarshen duniya. Ga wata na'ura da ke gaida duk wanda ya gifta. Ga wata baiwar Allah a bayan tebur, murmushi har kunne.

Na ce, "'Yata, tikitin nan guda na zo saya."

"Baba, ana kan nazarinsa."

"To, a gaya min jirgin ƙasan da zan samu in na sauka daga na ruwa."

"Yana shafinmu na intanet, Baba."

"Daga can nake. Shafin ne ya ce in zo nan."

Ta dubi na'ura, na'ura ta gaishe ta. Na nuna mata Mal-sun ta gilashi, na ce ko jirgin ruwa zai karɓi kaya mai wannan tsawo? Ta ce gaskiya ita ba ta taɓa shiga jirgin ruwa ba, amai yake sa ta. Sannan ta waiga dama da hagu, ta rage murya, ta ce, "Baba, tsakani da Allah, me zai hana ku bi ta sama? Ya fi sauƙi fa. Mu duk nan ta can muke bi."

Na fito da kyautar jakar yadi mai hoton kifi yana dariya. Ita ce kaɗai abin da kwamiti ya kammala nazarinsa.

A gida sai ga maƙwabcina Yaya Gwak, wanda bai taɓa wuce kasuwar kifi ba amma babu tashar da bai san sirrinta ba. Ya zauna a dakalinmu ya ce, "Ƙanena, kai ma da neman wahala. Ka jiƙa shi ya yi laushi, ka cusa a jaka, in kun isa ka shanya. Wa zai sani?"

"Ni zan sani," in ji Mal-sun daga kicin. Yaya Gwak ya shiga tari.

Da ya farfaɗo ya ba ni shawara ta biyu, cewa kada in ɓata lokaci wajen gyara layin waya, wai Japan kusa ce, wayarmu tana kamawa har can. Wannan kuwa na ɗauka.

Ƙarshenta Sol-hi ce, da tulun cikinta, ta shirya mana tafiyar ta waya. Ta samo mana jirgin ruwan da ke tashi da yamma ya isa da safe, da jirgin ƙasa mai gudu zuwa Tokyo, da wani daga can zuwa arewa. Ta kama mana kujerun ƙarshen tarago, inda akwai wurin jingine dogon kaya. Ta ce, "Baba, abu ɗaya: kada ku rasa jirgin ƙasan farko. In ya wuce, kujerun sun tafi, sauran ma duk sun wargaje." Na ce haba, jirgin ruwa ai ba ya haɗuwa da cunkoson motoci.

Ashe akwai cunkoson manya. Ranar tafiya muka tarar an ɗaura jan ƙyalle a bakin gadar shiga jirgi. Wai an yi wa gadar sabon fenti, kuma ba mai taka ta sai Mai Girma ya buɗe. Ina Mai Girma? Yana babban birni, hazo ya hana jirginsa na sama tashi. Muka tsaya, fasinja da direbobi da makaɗan bikin, rana tana faɗuwa. Wata tsohuwa mai ƙunshin kaya ta ce a ba ta almakashin, ita ma tela ce. Aka ce ba a wannan wasan.

Da ya iso kuwa, idon masu hoto ya faɗa kanmu. Tsofaffi biyu da wani abu mai tsawo, ai hoto ya samu. Aka jawo mu gaba, wani mai lasifika ya sanar cewa ga ma'auratan da suka juya wa jirgin sama baya saboda ƙaunar duniya. Mai Girma ya matso yana fara'a, ya miƙo hannu zai kama ganyen ta tsakiya don a ɗauka.

"Ranka ya daɗe, hannu!" in ji Mal-sun.

Na fara tunanin wanda zai kawo min abinci gidan yari. Mai Girma ya dubi ganyen sama da ƙasa, sai ya mayar da hannunsa baya, ya ce a hankali, "Na mai jego ne, Inna?"

"Na 'yata ne."

Ya rusuna mata, ya juya ga yaransa ya ce, "Kowa ya matsa. Kada wanda ya goge shi." Gaskiya a nan ya burge ni, ashe shi ma uwa ce ta haife shi. Da a nan ya tsaya da na yafe masa komai. Sai dai ya karɓi lasifika, ya yi mana jawabi a kan muhimmancin kiyaye lokaci a harkar sufuri, har makaɗa suka fara gyangyaɗi.

Jirgi ya tashi a makare, ya isa a makare, jirgin ƙasanmu ya tafi da kujerunsa. Na ciro waya in kira Sol-hi, waya ta ce ba ta san ni ba. Gaisuwa ta musamman gare ka, Yaya Gwak.

Da nuni da hannu muka samu wani jirgin. Babu wurin jingine kaya, don haka Mal-sun ta zauna, ni na tsaya a lungun da ke tsakanin taragu, rungume da ganye kamar mai rawa da doguwar amarya. Duk mai zuwa bayi sai ya rusuna mana mu biyu. In jirgi ya yi kwana in bi shi, in ya ja birki in tare da goshi. Lokaci lokaci Mal-sun ta leƙo, ba don ta tambayi ƙafata ba, sai ta shafa gefen ganyen ta koma. Haka na ratsa rabin ƙasar Japan ban ga komai ba sai baƙin ganye. A Tokyo muka tarar na arewa ya gama tashi, muka kwana a wani ɗan masauki, ganye a kan gado, ni a ƙasa.

Washegari muka sauka Morioka. A bakin tasha sai ga surukinmu Kuwabara, yaron kirki, ido jawur, riga a yamutse. Daga baya muka ji Sol-hi ce ta ce masa ya je ya tsaya, duk sanda ya ga ganye yana tafiya da ƙafa, iyayenta ne. Ya rusuna har ƙasa, ya ga tsoho da kaya a kafaɗa, ya karɓe da ladabi. Ni kuma kafaɗa ta mutu, na sakar masa. Motarsa 'yar ƙarama ce. Ya gwada ta baya, bai shiga ba. Ya gwada ta taga, bai shiga ba. Su a can ba su da wannan al'ada, ba wanda ya taɓa gaya masa. Kafin in buɗe baki ya ɗora shi a gwiwa.

Ƙarass!

Ya jera gida biyun a kujerar baya tsaf, ya juyo yana murmushin wanda ya warware matsala. Mal-sun ba ta yi ihu ba. Zama ta yi a kan dakalin titi. Ni dai ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, ni da nake cewa ganye ganye ne.

Yaron ya ga fuskokinmu, ya rikice, ya shiga haɗa 'yan kalmomin yarenmu da ya koya. "Mama, a yi haƙuri. Waya, waya, ba ta shiga. Mace ce. Jiya da rana. Sol-hi lafiya. Jaririya lafiya."

Mal-sun ta ɗago. "Jiya da rana?" Ta juyo gare ni. "Muna ina jiya da rana?"

"Ke kina kujera. Ni ina tsakanin taragu."

"A miƙe yake?"

"Ko gefensa bai gutsure ba."

"To, shi ya sa," in ji ta. Sai kuma ta fashe da kuka, ta ce, "Amma ban riƙe mata hannu ba, Baban Sol-hi. Ita kaɗai ta yi, a ƙasar mutane." Na zauna kusa da ita a dakalin, ni ma na share nawa hawayen, suruki yana tsaye yana ta rusunawa bai san laifinsa ba.

Ranar nan ta dafa miyar, muka kai asibiti a kwanon riƙe zafi. Sol-hi ta kurɓa, ta dubi uwarta, ta ce, "Mama, ta gida ce." Mal-sun ta kama hannunta, ba ta sake shi ba har aka kore mu. Suruki kuwa an yafe masa, amma an hana shi taɓa komai mai tsawo a gidan, har tsintsiya.

Yanzu da na gyara waya, Yaya Gwak ya sanar da ni cewa an manna hotonmu a bangon ofishin kwamiti, Mal-sun da Mai Girma da ganye. Ni ganyen ya rufe ni, kunnena kaɗai ya fito. Ya ce Mai Girma ya ɗauki hoton ya tashi zuwa wani taro a ƙetare, domin duniya ta ga nasarar shirin.

Mu ma mun kusa dawowa, kuma tunda ganye ya shiga tukunya, Mal-sun ta ce ta sama za mu bi. In kun ga wani tsoho mai karkatacciyar kafaɗa a filin jirgi, don Allah kada ku kai ƙarata wurin kwamiti. Ko da yake ba sai kun wahala ba, a layi ɗaya za mu haɗu da su.