Ranar da Rumfa Ta Taya Ni Gaisuwa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na durƙusa a sama. Ko na so in manta ma, mutanen gidan Alhaji Sale ba za su bari ba.

A lokacin ina neman auren 'yarsa Balaraba. Shi Alhaji Bakano ne mai shigo da kaya, shagonsa a Adjamé, gidansa a Treichville, duk a birnin Abidjan. Ni kuwa haifaffen unguwar Bromakoté ne, ɗan boko, Hausata duk ta jiƙe da Faransanci. Alhaji bai ce a'a ba, bai kuma ce e ba. Abin da ya dawo kunnena shi ne wai ya ce yaran Abidjan ba su san gaisuwa ba, a tsaye ƙiƙam suke miƙa wa babba hannu. Maganar ta tsaya mini a rai, don ina son Balaraba ba kaɗan ba.

Ana nan Alhaji ya yi tafiya. Na je gaida Hajiya, uwar Balaraba, na tarar tana mita, ruwan sama ya sake kashe mata gawayi, ga shi ba ta da rumfar girki a bayan gida. Kafin in yi shawara da hankalina, bakina ya riga ya yanke hukunci.

"Hajiya, c'est rien, ba komai ba ne, ni zan yi miki rumfar. Da ƙarfe ma zan yi, gara ba ta cinsa."

(Tsakani da Allah, iyakar abin da na taɓa kafawa a duniya shi ne labule. Amma na kalli bidiyo a waya, na ga wani Bature ya tayar da ɗaki shi kaɗai yana murmushi, na ce to me ya fi ni?)

Na sayo siraran ƙarafan nan marasa nauyi da ake haɗawa da sukuru, a wani shago kusa da unguwar Indénié, na aro injin huda. Abin mamaki, aiki ya yi ta tafiya. Na shimfiɗa na ƙasa, na tsayar da ginshiƙai, na ɗaure na sama, na jera ƙarafan rufi a ɗan karkace don ruwa ya gangara. Saura waɗanda ake gicciyawa daga kusurwa zuwa kusurwa su riƙe jikin rumfar. Na dube su, na ga za su ɓata tsari, kuma za su tare tagar da Balaraba take leƙena ta ciki. Na jingine su a bango na ce sai daga baya.

Ranar ɗora kwano na sa shaddata mai kyau (e, shadda, a wurin aikin ƙarfe, kada ka tambaye ni). Na hau tsani, na taka ƙarafan rufi, ina ta huda ina satar kallon taga. Sai na ji sallama. Alhaji ne ya dawo ba zato, tare da amininsa Malam Garba, suka zagayo baya su ga abin da ke ƙara.

Ga ni tsaye a saman kan mutumin da nake so ya zama surukina, tsani kuma yana can ɗaya gefen. Ba abin da nake ji a kunnena sai "ba su san gaisuwa ba". Mai hankali zai ce, "Baba, bari in sauko." Ni kuwa sai na tuɓe takalma, na durƙusa a kan ƙarfen da faɗinsa bai kai tafin hannu ba.

"Baba, barka da dawowa."

Ya ɗaga kai ya dube ni. "Yauwa, barka kadai."

"Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi."

Ka san gaisuwarmu ba ta da gajeriyar hanya. Kowace tambaya sai na ƙara rusunawa, ina rusunawa rumfa tana kuka ƙiii. Ina "ya gajiya" na ji ginshiƙai sun fara karkata gaba. Ina "ya kasuwa" Malam Garba ya ja da baya yana salati. A hankali, cikin ladabi, rumfar gaba ɗaya ta kwanta, na sulalo a kan kwano na dira a gaban Alhaji bisa gwiwoyina. Bakin ƙarfe kuma ya riƙe wandona, ya tsaga shi tun daga ƙugu har cinya.

Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana "Eh, mon fils, yako!" wato sannu ɗana. Hajiya ta fito da ludayi a hannu ta tsaya. Daga taga kuwa ina jin Balaraba, wadda na yi duk wannan dominta, tana dariya har da shessheƙa. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Alhaji ya dubi tarin ƙarfe, ya dube ni. Fuskarsa ko gezau.

"Ai ba mu gama ba," in ji shi. "Ya mutanen gida?"

Hannuna ɗaya a kan tsagar wando na ce, "Lafiya lau, Baba."

Sai ya juya wajen amininsa. "Malam Garba, yaron nan bai iya gini ba ko kaɗan. Amma gaisuwa, har rumfarsa ya koya wa." Ya gyara hularsa ya ce da ni, "Ka ce wa kawunnanka su zo mu gana. Sharaɗina ɗaya, kada ka ƙara kafa ko ƙusa a gidana."

Rumfar dai mai walda ne ya zo ya tayar da ita, har da ƙarafan nan da na jingine. A cikinta aka dafa abincin bikinmu. Har yau idan na shiga gidan na fara rusunawa, sai Alhaji ya ce, "Dakata tukuna! Hajiya, riƙe mana ginshiƙi."

Abin da na koya shi ne, ladabi abu ne mai kyau, ni shaida ne, shi ya ba ni mata. Amma kafin ka durƙusa, ka fara duba abin da ke ƙarƙashin gwiwarka.