Uban Iyaye a Ƙofar Makaranta

Duk wanda ya ce babu manyan mutane a garin Dunmore na jihar Nebraska, to bai taɓa zama ya saurari Wendell Prasek ba. Zaman dole ne, don ba a sauraronsa a tsaye. Ƙafa ba za ta ɗauka ba.

Coci goma sha ɗaya ne a garin, shagon aski ɗaya. Wanda ba ya zuwa ko ɗaya daga cikin cocin nan, ranar da ya kwanta ciwo ba mai kawo masa miya, ranar Lahadi kuma 'ya'yansa kaɗai ne a filin wasa. Shi ya sa wasu iyaye tara marasa addini suka fara haɗuwa a zauren 'yan kwana-kwana, yara su yi wasa tare, manya su sha kofi su huta da tambayar nan ta "wane coci kuke zuwa?" Suna zamansu lafiya har Wendell ya ji labari. Ya zo, ya dube su, tausayi ya kama shi, don ya ga babban abin da suka rasa: shi.

Sana'arsa sayar da inshorar gona ce, amma baiwarsa ta gaskiya tarbiyyar yara. Kafin wata biyu ya rubuta wa ƙungiyar tsarin mulki mai shafi talatin da huɗu, ya kuma ci zaɓen shugabanci ba hamayya, kasancewar shi kaɗai ya san ranar zaɓe ce. Ya sa aka jera kujeru suna fuskantar gaba. Ya kawo wani dogon teburi da ake tsayawa a bayansa, ya gargaɗi kowa cewa ba mumbari ba ne. Gus Tollefson, direban motar madara, shi ya raɗa masa Uban Iyaye. Sunan ya yi wa Wendell daɗi har ya sa aka buga masa shi a jikin kofi.

"'Yan'uwa masu tunani," haka yake buɗe jawabi, "wasu idan matsala ta taso sai su rufe ido. Mu idonmu a buɗe yake. Mu ba mutanen dogon surutu ba ne, aiki muka sani!"

Sai ya kwashe minti hamsin yana bayanin aiki. Ranar da wata yarinya ta yi atishawa uwarta ta sa mata albarka bisa sabo, dakatar da taro ya yi, ya karantar da jama'a tarihin atishawa tun daga zamanin Romawa, yarinyar na ta jan majina.

Wata Lahadi, Lorna Hruska ta ɗaga hannu. Gidan burodi take aiki, ita kaɗai ke riƙe da yara biyu, kuma tun da ta daina zuwa coci 'yan'uwanta suka daina ɗaukar wayarta.

"Ranar Alhamis za a yi mini aiki a ciki," ta ce. "Kwana huɗu zan yi a asibiti. Ba ni da kowa a garin nan sai ku. Wa zai riƙe mini yaran?"

Idon Wendell ya yi haske.

"Lorna, kin taɓo babban batu! Mene ne ma taimako? Daga ina ya samo asali? A yau na kafa Kwamitin Nazarin Hanyoyin Taimakon Juna, zan kuma daure in shugabance shi da kaina. Rahoto zai fito cikin wata ɗaya."

"To, Wendell," in ji Lorna, "akwai kuma maganar 'yarka Tamsin..."

Ya ɗaga tafin hannu yana murmushin manya. "Duk wata magana ta biyo ta kwamiti."

A wajen ajiye motoci Gus ya tari Lorna.

"Ke, share hawayen nan, kar ki jiƙa mana mota. Ki kawo su gidana, gado biyu na nan ba kowa. In sun ƙi cin abincin matata ba laifinsu ba ne, ni ma daurewa nake."

Wata ta ɗauki kai su makaranta, wani ya ɗauki abincin Juma'a da Asabar. Cikin minti biyar an gama. Wendell na hango su ta taga, yana girgiza kai. Ba ajanda, ba sakatare, ba wanda ya nemi izinin magana. Lallai akwai sauran aiki a gabansa.

Ranar Alhamis da yamma yana ɗakin ƙasa na gidansa, yana naɗar shirinsa na intanet mai masu sauraro goma sha bakwai. Darasin ranar: yadda uba zai san ɗansa ciki da waje. Ƙarfe huɗu saura kwata waya ta yi ƙara. Daga makaranta ne. Tamsin, 'yarsa mai shekara bakwai, tana zaune ba wanda ya zo ɗaukarta.

"Wannan wane irin sakaci ne?" ya daka tsawa. "Wa ke da alhakin ɗaukarta?"

"Lorna Hruska ce ke ɗaukarta, ranka ya daɗe. Shekara biyu ke nan."

Matarsa Noreen, ma'aikaciyar jinya, ta manna masa takarda a jikin firji tun Litinin cewa shi zai ɗauko yarinyar ranar Alhamis. Amma Wendell ba ya ɓata lokaci kan rubutun da ba shi ya yi ba. A iya saninsa, yara kan iso gida da yamma ne kamar yadda wasiƙa ke isowa.

Ya figi mota. Ya fara zuwa makarantar renon da Tamsin ta gama tun bara waccan, can aka nuna masa hanyar makarantarta ta yanzu. Da ya isa, sai ya tarar da Misis Ostrander, sakatariyar makaranta, mace mai tabarau da ba a taɓa ganin ta yi gaggawa ba.

"Ni ne Wendell Prasek," ya ce, ya ɗan jira ta gane.

"Sunan na cikin takarda. Fuskar ce ban taɓa gani ba. Katin shaida?"

Ya laluba aljihu. Ya baro shi a gida. Tamsin ta leƙo ta ce babanta ne, Misis Ostrander ta ce doka ba ta karɓar shaidar 'yar shekara bakwai. Ya ruga mota, ya ɗauko littafin da ya wallafa da kansa kan tarbiyya, da alewa don lallashin yarinya, ya nuna mata hotonsa a bangon baya.

Ta dubi hoton, ta dubi kansa.

"Wannan yana da gashi."

Aka kira Noreen, wayarta a kashe, tana bakin aiki. Saura suna ɗaya a takardar. Misis Ostrander ta buga, ta ƙara sautin wayar yadda kowa zai ji. Can sai muryar Lorna ta fito, a shaƙe, ba ta daɗe da farfaɗowa daga allurar barci ba.

"Wani mutum ne a nan," in ji Misis Ostrander, "wai shi ne uban Tamsin."

"Yana magana?"

"Tun da ya shigo bai ja numfashi ba."

"Shi ne. Ki ba shi ita." Ta yi nishi. "Don girman komai ki faɗa masa ba ta cin gyaɗa. Maƙogwaronta toshewa yake yi."

Uban Iyaye ya gyara tsayuwa, ya ce ai wannan kowane uba ya sani. Sannan a hankali ya zura alewar gyaɗar da ke hannunsa cikin aljihu.